Kwana Ɗari Ba Faɗuwa

Ranar da aka sallami Baba Kafinta daga asibiti, likitar gashin ƙashi ta tsayar da ɗansa a bakin ƙofa, ta maimaita masa magana ɗaya har sau uku.

"Ƙugun ya haɗe, mun gama namu. Saura naku. Kullum ya taka ƙafar nan, safe da yamma. Yau taku goma, gobe goma sha biyu. Zai yi ƙorafi, zai zage ku, ku bar shi ya zaga, amma ya taka. In kuka bar shi a kwance wata biyu, gwiwoyin nan za su ƙage, kuma wannan ba ni da maganinsa."

Ɗan ya yi murmushi ya gyara wuyan koriyar rigarsa. "Haba likita, ni za ki gaya wa? Ai aikina ke nan."

Da gaskiyarsa. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na unguwar, har sunansa ya ɓace, babba da yaro Shugaba suke ce masa. Mutanensa, 'yan koriyar riga, gida-gida suke bi suna duba tsofaffi. Su auna jini, su kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, su ɗauke shimfiɗa mai santsi, ranar Laraba kuma su kwashi tsofaffin zuwa cibiyar unguwa a motsa jiki a sha hira. Ba zan ci haƙƙinsu ba, aikin kirki suke yi, kuma ba wanda ke biyansu.

Sai dai akwai wani allo a ƙofar cibiyar. Kullum da safe ake goge lambar jiya a rubuta ta yau, yawan kwanakin da aka yi ba tsohon da ya faɗi a unguwar. Ƙungiyar da ke tallafa musu ta yi alkawarin duk unguwar da ta cika kwana ɗari za a ba ta motar kai marasa lafiya asibiti. An kai kwana sittin da ɗaya, sai santsi ya kwashi Baba Kafinta a banɗakin gidan Shugaba. Da hannunsa Shugaba ya goge sittin da ɗaya ya rubuta sifili, mutanensa suna tsaye suna kallon ƙasa. Ya yafe wa santsin, amma bai yafe wa ubansa ba.

Kwana uku da dawowa gida, Baba ya kama ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba shi, ya miƙe. Gumi ya karyo masa. Ya yi taku ɗaya, biyu, har bakwai, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar yana awon katako. A na takwas gwiwar hagu ta ɗan lanƙwashe, Shugaba ya tare shi ta baya. Tsohon ya yi dariya, don ya ga ya fara. Da ya waiwaya ya ga fuskar ɗansa, sai dariyar ta maƙale.

"Kwanta, Baba."

"Saura uku a cika goma."

"Na ce ka kwanta. Sai ka ƙara ƙarfi tukuna."

"A kwance ake ƙara ƙarfin?"

Shugaba ya kama kafaɗunsa. Ya mayar da shi kan gado, ya ja masa bargo, ya fita da ƙarfen dogarawar ya jingine a tsakar gida. Washegari ko a tsakar gidan babu shi. Da Baba ya tambaya, matar ɗan nasa, wadda ake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta ce an ara wa Tela na ƙarshen layi, tunda shi ma ya yi jinyar ƙafa kuma nan ajiye yake ba a amfani da shi.

"Ba a amfani da shi, ko an hana ni?"

"Ni dai Baba abin da aka ce in faɗa ke nan," ta ce, ta dire masa kofin shayi ta juya.

Kada a ce sun bar shi da yunwa. Abinci sau uku, a kan lokaci, har da nama. Magani ba ya wuce sa'arsa. Da abin ya yi sauƙin faɗa in da duka ne ko horon yunwa, don kowa ya san sunan waɗannan. Wannan kuwa in ka kai ƙara me za ka ce? An hana ka wahala?

Gadon yana jikin taga, tagar tana kallon titi. Nan Baba yake wuni. Da hantsi ya ga 'yan koriyar riga suna wucewa biyu-biyu da jakunkunansu, su shiga gidan dama, su fito, su tsallake nasu, su shiga na hagu. Dalili kuwa, a tsarin ƙungiyar duk gidan da ɗan sa-kai yake zaune a ciki ba a sa shi a jerin ziyara. Akan manna masa koriyar takarda a ƙofa, alamar akwai mai kula, kada a ɓata lokaci. Shugaba ne ma ya kawo shawarar tun farko, aka tafa masa. Tsofaffi arba'in da 'yan kai ne a unguwar, kowa da mai leƙa shi, ban da uban Shugaba.

A tagar nan ya ga Tela. Tela ya girme shi da shekara huɗu, kuma tun suna samari ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ga shi nan yana tafe da ƙarfen Baba, wata 'yar sa-kai tana riƙe da gwiwar hannunsa, yana ja kamar kunkuru.

"Kafinta!" ya ɗaga murya. "Kana nan kana cin daɗi? Ɗanka ya ce hutu kake yi, ko ƙuda ba a bari ya sauka a kanka."

"Ƙarfena ne wannan, ɓarawon ƙyalle."

"To fito ka ƙwata mana!"

Tela ya wuce yana dariya. Baba ma ya yi, amma da labule ya koma wurinsa sai dariyar ta ɗauke. Bayan mako biyu Tela ya wuce da sanda. Bayan wani makon ya wuce hannunsa a baya, ba sanda ba kowa.

Ran nan Baba ya yanke shawara. Hannuwansa dai ba abin da ya same su, shekara hamsin suna jan zarto. Ya jira Malama ta tafi makaranta, gidan ya yi tsit, ya kama ƙarfen taga ya ja jikinsa ya miƙe. Ƙafafun suka yi ta rawa kamar ba nasa ba. Ya bi bango da tafin hannu, taku huɗu, ya dawo. Washegari shida. Ya yi kwana tara yana wannan sata, har ya kai ga taɓa ƙofar ɗakin. Bai taɓa jin daɗin taɓa katako irin na ranar ba.

A rana ta goma aka tashi makaranta da wuri. Malama ta turo ƙofar, ta same shi tsaye a bayanta.

"Na shiga uku! Baba, so kake ka kashe mini aure?"

"Tsayuwa kawai na yi, 'yata."

"Kada ka ce mini 'yarka! In ka faɗi wa za a ce? Ni! A ce ina gidan na bar ka. Shi yana can yana yawon gidajen mutane ana sa masa albarka, ni an bar ni da fo da wankin zanin gado, yanzu kuma za ka ja mini abin faɗa." Tana magana tana latsa waya tana kiran mijinta.

Ko minti ashirin ba a yi ba Shugaba ya shigo, bai ko cire takalmi ba. Ya tsaya a kan ubansa yana huci.

"Yau kwana arba'in da huɗu. Ka san wahalar da muka sha kafin mu kai nan? Mutum goma sha biyu suna barin sana'arsu suna bin gidaje, kai kuma kana nan kana wasa da bango. Sau ɗaya ka kunyata ni, bai ishe ka ba?"

"Likita ta ce in taka. A gabanka ta faɗa."

"Likita ba ta san ƙarfinka ba, ni na sani."

"To riƙe ni in taka. Minti goma. Kana riƙe iyayen wasu."

"Iyayen wasu suna jin magana."

Da yamma ya zo da mutum biyu daga wata unguwa, don kada na kusa su gani. Suka ɗaga tsohon suka ajiye a kujera, suka kwance gadon. Baba ne ya yi gadon nan da hannunsa, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗi ne kawai na katako da katako, kuma yana kallo suka rasa gane kansa suka sa guduma suka farfasa. Aka shimfiɗa katifa a ƙasa, aka kwantar da shi.

"Yanzu hankalina ya kwanta," in ji Shugaba yana karkaɗe hannu. "Daga nan ba inda za ka faɗa."

Kuma gaskiya ne. Daga ƙasa ba abin da zai kama. Tagar ta yi masa sama, ƙarfenta ya fi ƙarfin hannunsa. Ya gwada durƙusawa, ƙugun ya ƙi. Titi ya ɓace masa, sai sauti kawai, ƙarar babur, muryar mai sayar da ruwa, takun 'yan koriyar riga in sun zo tsallake ƙofar. Abin da yake gani shi ne silin da ƙafafun masu shigowa. Ya san silifas ɗin Malama fiye da fuskarta, don yanzu ba ta sunkuyawa, da ƙafa take turo masa tire.

Wata Laraba ya ji sallamar baƙuwar murya a tsakar gida. Mai Awo ce, wadda ke auna jinin tsofaffi, mace mai jiki da faɗa, ta kawo wa Shugaba takardu. Baba ya tattara duk iskar ƙirjinsa.

"Baiwar Allah! Mai Awo! Shigo ki gan ni!"

Ya ji takunta ya tsaya. "Ba Baba ne ke kira ba? Bari in gaishe shi, rabona da shi tun asibiti."

"Bar shi kawai," in ji Shugaba cikin sanyin murya, muryar da yake yi wa baƙi. "Rikicin tsufa ne ya fara taɓa shi. In ya ga baƙuwar fuska sai ya wuni bai ci abinci ba. Muna dai fama."

"Allah sarki. Allah ya saka muku. Ai kai ba a koya maka."

Ƙofar gida ta rufe. Baba ya ci gaba da kira har muryarsa ta dishe. Can silifas ɗin Malama suka bayyana a bakin ƙofa.

"Ka gama? To ka sani duk layin nan yanzu an san ka ruɗe. Ka yi ta ihu, ƙara tabbatar musu kake yi."

Daga ranar ya daina ihu. Ya koma motsa ƙafafun a kwance, yana naɗewa yana miƙewa, amma ƙugun na masa zafi in ya miƙe su, sai barci ya ɗauke shi a naɗe, ya farka a naɗe. Wata safiya ya tura ƙafar dama ta ƙi kaiwa ƙarshen katifa. Ya sa hannu biyu ya danna gwiwar, ya ji jijiyar bayanta ta ɗaure tamau kamar igiyar shanya. Cinyar da a da hannu biyu ba sa zagaye ta, yanzu yatsunsa suna haɗuwa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata.

Da ɗan ya leƙo da yamma, Baba bai yi faɗa ba. Ya ƙasƙantar da murya, abin da bai taɓa yi wa ɗan da ya haifa ba.

"Zo ka taɓa gwiwar nan. Don Allah. Taɓawa kawai."

Shugaba ya tsaya daga bakin ƙofa, wayarsa a hannu. "Saura kwana ashirin da biyu, Baba. Ka yi haƙuri. Ranar da muka cika, ni da kaina zan riƙe ka mu zaga unguwar nan."

"Ba za ta jira ba."

"Ka san tsofaffi nawa motar nan za ta ceta? Makon jiya a baro aka kai wata tsohuwa bakin titi. A baro! Kai kanka kawai ka sani."

"Ni ma tsoho ne."

"Kai kana da ni," ya ce, wayar ta yi ƙara, ya fita yana amsawa da fara'a.

Ranar cikar kwana ɗari, tun da safe aka yi masa wanka mai kyau, aka aske masa gemu, aka sa masa sabuwar riga. Shugaba ya kawo keken guragu daga cibiya. Da suka ɗaga shi, ƙafafun suka taho a naɗe yadda suke, suka zauna daidai a keken kamar don shi aka yi su. Shugaba ya gani. Na rantse ya gani, don ya ɗauke kai da sauri, ya karɓi bargo daga hannun Malama ya lulluɓe su har ƙasa, ya cusa gefe da gefe.

"In an tambaye ka, ka ce alhamdu lillahi. Shi ke nan aikinka."

Hasken titi ya kashe wa Baba ido. Cibiyar ta cika maƙil, tsofaffi a kan fararen kujerun roba, 'yan koriyar riga a tsaye a bango, baƙi uku daga ƙungiyar a gaba da ruwan gora a teburinsu. An shigo da allon an jingine shi a kan tebur, da tis'in da tara a jiki. Aka ajiye keken Baba dab da shi, inda kowa zai gani. Tela ya ɗago masa hannu daga layi na biyu, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya dubi fuskarsa da kyau ya fasa.

Aka kira Mai Awo ta yi wa baƙi bayanin yadda suke aiki. Ta yi ta zuba, Baba bai saurara ba, sai da babbar baƙuwar ta tambaya, "To in wani ya faɗi fa?"

"Duk wanda ya faɗi, ranki ya daɗe, a take nake rubuta sunansa a jerin kullum. Mutum biyu za su riƙa zuwa masa safe da yamma har ya warware, ko gidan waye. Wannan sabuwar ƙa'ida ce da muka sa watan jiya, kuma ba ta jiran izinin kowa."

Baba ya ɗago kai.

Shugaba ya karɓi lasifika. Ya gode wa Allah, ya gode wa baƙi, sannan ya dafa kafaɗar ubansa. "Wannan mahaifina ne. Shi ne na ƙarshe da ya faɗi a unguwar nan. Ranar na yi kuka, na kuma yi alkawari ba zai sake faɗuwa ba. Ga shi a gabanku, kwana ɗari ko tuntuɓe bai yi ba." Aka tafa sosai, wata tsohuwa har da share hawaye. Ya miƙa wa babbar baƙuwar alli, ta tashi tana murmushi, ta goge tis'in da tara da tsumma.

Baba ya dafa hannayen keken. Ya san abin da siminti zai yi wa ƙugunsa, ya kuma san abin da zai yi wa ɗansa. Ya tuna tsohuwar baro, bai ji daɗi ba. Sannan ya tura jikinsa gaba da duk ƙarfin da ya rage masa.

Ƙarar faɗuwar ta cika ɗakin. Keken ya yi baya ya bugi tebur, gorunan ruwa suka gangara. Bargon ya tsaya a jikin taya. Baba yana kwance a gefensa a kan siminti, leɓensa ya fashe, sabuwar rigar ta tattare zuwa cinya, kowa ya ga abin da ke ƙasa: ƙafafu biyu sirara kamar sandunan tsintsiya, a naɗe, da gyambo a idon sawu inda katifa ta ci.

Ba wanda ya yi motsi sai Shugaba. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juya ga baƙin.

"Zamewa ce kawai. Zamewa daga kujera ba ta cikin lissafi, ranki ya daɗe, a ƙa'ida sai mutum yana tsaye..."

Ubansa na ƙasa yana zubar da jini, shi yana karanta ƙa'ida. Na ga marasa imani iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya yi shi da lasifika a hannu ba.

Mai Awo ta ture shi ta durƙusa. Ta kama diddigen dama da hannu ɗaya, ta dafa gwiwar da ɗayan, ta ja a hankali. Ƙafar ba ta ba da ko ɗan yatsa ba. Ta gwada ta hagu. Ta taɓa ƙafafun tsofaffi da yawa a aikin nan, ba ta bukatar a gaya mata abin da hannunta ya ji. Ta ɗago ta dubi Shugaba.

"Ka ce mini ruɗewa ya yi."

"Ba ki san halinsa ba, da gangan ya..."

"Rufe mini baki. Yaushe rabon mutumin nan da ya taka ƙasa?"

"Kwana hamsin da shida," in ji Baba daga ƙasa, muryarsa tar, ba alamar ruɗewa. "Faɗuwa na yi, 'yata, ba zamewa ba. Rubuta sunana."

Ta zaro littafi daga aljihun koriyar rigarta, ta rubuta, hawaye na ɗiga a takardar. Babbar baƙuwar ta ajiye allin a tebur ba ta rubuta komai ba.

"Baba," in ji Mai Awo a hankali, "za mu zo. Safe da yamma za mu zo. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ƙafafun nan..."

"Na sani. Na riga ki sani."

Sai a lokacin Shugaba ya lura da idanun da ke kansa, na tsofaffi, na mutanensa, na Tela da ya miƙe tsaye cikin fushi. Ya ajiye lasifikar da sauri, ya sunkuya, ya miƙo hannu biyu.

"Kawo hannunka, Baba. Bari in ɗaga ka."

Tsohon ya dubi hannuwan, ya janye nasa ya rungume a ƙirji.

"Wata uku ina roƙon hannun nan a ɗaki, inda ba mai gani. Mayar da abinka. Tela, zo ka kama ni."